Rigar da Barakatu Ta Saƙa wa Esi

Bazarar shekarar nan ta shigo Daura da irin zafin da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Iya Barakatu kuwa ta riga ta gaji tun kafin zafin ya iso. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, Malam Sama'ila, ita ce hannunsa na dama, ita ce ƙafarsa, ita ce ma bakinsa, don maganarsa ta koma gurnani da nuni. Ta juya shi, ta goge masa jiki, ta ba shi kunu da cokali, ta sauya zanin gado. In rana ta take kuma numfashinsa ya riƙa sarƙewa, sai ta zauna da mafici tana yi masa fifita har kafaɗarta ta mutu.

Babban ɗansu, Zulkifilu, a Kano yake aiki. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan furfura ta soma fito masa a gemu. Shi ne ya zo wata Asabar da ma'aikata, suka kafa sola a kan rufi, suka huda bango, suka maƙala na'urar sanyaya ɗaki, wadda 'yan zamani ke kira esi. Abin kashi biyu ne. Akwai ƙato a waje, bayan ɗaki, mai fanka da ruri. Akwai kuma wani fari, dogo, sumul, a ciki, can sama da gadon Malam.

"Inna, kin ga wancan na waje shi ke fitar da zafi, wannan na ciki shi ke ba ku sanyi. Ga abin dannawa, nan kawai za ki danna. In za ki taɓa shi, ki fara kashewa."

"To, Allah ya yi albarka."

"Amin. Amma Inna, likita ya ce zafin nan hatsari ne ga Baba. In wannan bai yi ba, sai dai in tafi da shi Kano. Na riga na gyara ɗaki."

Ta dubi Malam. Hawaye ne ya gangaro masa ta idon da har yanzu yake jin magana. A gidan nan aka yanke masa cibi. Ta wannan tagar abokansa na masallaci suke leƙowa bayan la'asar, su ce "Malam, ya jiki?" shi kuma ya ɗaga hannun hagu. Gidan yaron nan kuwa bene ne, hawa na biyu, babu tsakar gida, babu mai leƙowa. Ta sani sarai, in aka hau da Malam wannan bene, ba da ransa zai sauko ba.

Da farko abin ya yi daɗi. Malam ya samu barcin rana, ita ma ta ajiye mafici. To, amma kun san halin tsofaffi. Kullum ta ɗaga ido sai ta ga abin nan fari fat a bango, tsirara, ba ko ƙyalle. A ɗakin Barakatu kuwa babu wani abu mai daraja da ke zama haka. Rediyon Malam da rigarsa, talabijin da rigarsa, keken ɗinki da tasa, kai har filas ɗin shayi. Sai a ce kyautar ɗa, wadda ta fi su duka, ita za a bari ƙura na sauka a kanta? Ta ɗauko kwarashi da zare ruwan ganye da fari, ta zauna gefen gado tana saƙa tana yi wa Malam hira. Da ta gama ta ga saƙar na da huji-huji, ƙura za ta iya ratsawa, sai ta yanko wata tsohuwar shaddar Malam mai kauri ta yi mata shafi daga ciki. Ta kashe esi kamar yadda aka ce, ta taka kujera, ta lulluɓe masa kai da kafaɗu. Bakin da sanyi ke fitowa ta bar shi a buɗe, ai ba ta rasa hankali ba. Ta sauko ta ja da baya ta duba.

"Malam, ka ga yanzu ya zama ɗan gida."

Ba a jima ba abin ya soma lalaci. Iskar ta rage ƙarfi, kamar hucin mai barci. Can sai ruwa ya fara ɗiga, yana bin bango yana jiƙa gefen matashin Malam. Ta ja gadon iya ƙarfinta, ta tara kwano. Zafi ya dawo, mafici ya dawo, ciwon kafaɗa ya dawo. Malam kuma ya riƙa ɗaga hannun hagu yana nuna sama, yana wani gurnani mai tsawo.

"Na gani, Malam, ɗiga yake yi. An aika a kira mai gyara."

Mai gyaran shi ne Mati, wani siriri mai surutu, shagonsa na kan hanyar Zango. Da ya zo ya kafe mashin, ya tsaya a zaure ya kwaɗa sallama, don tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Malam ya sa aka rubuta "Ba a shiga" da jan fenti a ƙofar, har yau ba ta goge ba.

"A dakata!" in ji Barakatu daga ciki.

Namiji baƙo zai shiga ɗakinta, ai sai an kimtsa. Ta kashe esi, ta fitar da kwanon ruwa, ta kawar da abin bayan gidan Malam, ta gyara masa riga da hula, ta share, ta sa turare, ta zura hijabi. Sannan ta taka kujera ta sauke rigar esi ta ninke ta cusa ƙarƙashin matashi. Hannun mai gyara ba ya rabo da baƙin mai, ba za ta bari ya damƙi saƙarta ba.

Mati ya shigo bayan ya gaji da zaman zaure, ya gaida Malam, ya kunna. Sanyi ya ɓulɓulo har labule na motsi.

"Iya, wannan ne ba ya yi?"

"Wallahi ɗazu ba haka yake ba."

Ya buɗe murfin ya zaro ragar da ke tace ƙura, ya ɗaga ta wajen haske. "Kai! Tsaf, kamar ba a Daura take ba."

"Ai muna kula," in ji ta, har da ɗan jin daɗi.

"To laifin na waje ne. Rana ce ke dukansa."

Ya je ya kafa wa na waje rumfar langa-langa, ya tafi. Ƙarar mashin ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba ta mayar da riga. Washegari kwano ya sake cika.

Haka aka yi ta yi. Mati ya zo ya wanke na waje. Ya dawo ya duba gas. Ya sake dawowa ya bi wayoyin sola ɗaya bayan ɗaya. Kowa hankalinsa na kan ƙaton nan mai ruri a bayan ɗaki, har ita kanta takan je ta tsaya a kansa tana harararsa. Kullum Mati ya shigo, ɗaki sanyi ƙalau. Kullum ya fita, sai ɗiga.

"Iya, anya abin nan ba tsorona yake ji ba? Ko in kawo tabarmata in tare a nan?"

"Ka tare a gidanku. Kai dai ka ce aikin ya fi ƙarfinka."

"Ni? Na gyara na asibiti, na gyara na gidan biki, sai na ɗakin Iya ne zai kunyata ni? Ko dai mutanen ɓoye ne ke shan sanyin?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. A ɗakin da ake karatun Alƙur'ani?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, shi ma ya gaji da zaryar. Malam na kwance yana bin su da ido, yana ɗaga hannu sama, ba wanda ya kula.

Ranar wata Laraba numfashin Malam ya sarƙe sosai da azahar, har sai da ta jiƙa tawul ta shimfiɗa masa a ƙirji. Da yamma waya ta yi ƙara, Zulkifilu ne.

"Inna, Mati ya ce esi lafiyarsa ƙalau, ke kin ce ba ya yi. Ni ban san wanda zan kama ba."

"Ƙarya zan yi maka?"

"Ban ce ba, Inna. Amma ba zan zauna a nan ina jiran mugun labari ba. Ranar Asabar zan zo da mota. Ki haɗa wa Baba kaya."

Ta riƙe wayar a kunne har bayan ya kashe. Yaron nan bai yi laifi ba, ita ma ba ta ga nata ba. Ta jawo akwati ta soma ninke rigunan Malam a inda ba zai gani ba.

Ranar Juma'a da hantsi ta lura rigar esi ta sha ruwa, har ta soma warin danshi. Ta ce a ranta, ko ba komai kada yaron nan ya zo ya tarar da kyautarsa cikin ƙazanta. Ta sauke ta, ta wanke, ta shanya a igiya. Ta kunna esi don dai kada a ce ba a kunna ba. Bayan ta yi azahar ta ɗan kishingiɗa a tabarma da mafici a hannu, da niyyar ta huta kaɗan ta tashi.

Sanyin ƙafa ne ya tashe ta. Ta zabura, ta ji a masallaci ana sallame la'asar. Mafici na ƙasa. Ta yi sauri ta dubi gado, don shirun ya yi yawa. Malam barci yake, bakinsa a rufe, ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali. Kwano kuwa a bushe.

"Munafuki," ta ce wa esi ƙasa-ƙasa. "Ka ji mai kai zai zo gobe ko?"

Ta yi salla, ta fita ta ɗauko rigar, ta bushe ƙayau. Ta duba abin dannawa ba ta gan shi ba, ƙila ya shige cikin zanin gado, ita kuma ba ta da ƙarfin nema, ba ta kuma son tada Malam. Ta taka kujera haka nan, esi na aiki, ta ɗaga rigar za ta ɗora.

Sai ta ji an fizge ƙyallen daga yatsunta. Ya manne a saman abin, ɗaf, kamar an tsotse shi. Nan take muryar esi ta sauya, ta koma wani nishi mai nauyi, iskar da ke bugun cikinta ta yi rauni. Wannan nishin ta san shi. Shi take ji a maƙogwaron Malam kullum da azahar.

Ta ɗaga rigar. Iska ta dawo. Ta sake saukewa, nishi ya dawo. Ta cire gaba ɗaya, ta ɗora tafin hannunta a saman, inda wasu tsage-tsage suke, waɗanda ta ɗauka ado ne. Ja yake yi. Ta nan yake shaƙar zafin ɗakin, ya sanyaya, sannan ya huro ta ƙasa. Ashe duk rurin da na waje ke yi, da rumfarsa da gas ɗinsa, aikin banza ne muddin wannan na ciki bai samu numfashi ba. Ita kuwa hanci ta toshe masa da shadda, ta bar masa baki.

Ta ji motsi a bayanta. Malam ya farka, yana kallonta a kan kujera da riga a hannu. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna sama, sannan wani sauti ya fito masa, kafaɗarsa mai lafiya na girgiza. Dariya yake yi.

Ta sauko a hankali ta zauna bakin gado.

"Abin da kake ta nuna mini ke nan?"

Ya lumshe ido.

"Ni kuma ina ta ce maka an kira mai gyara."

Ta so ta taya shi dariyar, sai ta ji kuka ne ke zuwa, ta haɗiye duka biyun. Ta shimfiɗa masa rigar a ƙafafu, don yatsunsa sun yi sanyi.

Ranar Asabar Zulkifilu ya iso ana gab da azahar, ya riga ya kwantar da kujerar gaba ta mota ya jera matasai. Ya shigo yana share gumi, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ɗaki sanyi, uban na barci.

"Mati ya dawo ne?"

"Bai dawo ba."

"To me aka yi masa?"

"Riga aka cire masa."

Ta nuna saƙar da ke ƙafar Malam, ta nuna saman esi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya zauna a kan kujerar da take takawa, ya rufe fuska da tafukansa.

"Haba, Inna."

"Ƙura nake kare maka."

"Ƙurar ai aikin ragar ciki ce. Wankewa kawai ake yi."

"Yanzu na ji. Kada dai ka gaya wa Mati, har tashar mota sai ya kai ni."

"Sai na gaya masa, Inna. Bawan Allah ya kusa barin sana'a."

Ya tashi ya tsaya kan mahaifinsa, ya saurari numfashinsa, ya taɓa goshinsa. Ya ga akwatin da ta haɗa a bayan ƙofa, ya kau da kai.

"Zan bar shi zuwa faɗuwar damina, mu gani. Amma in numfashin nan ya sake sarƙewa ko sau ɗaya ne..."

"Na ji."

Ta san ba a gama ba, ɗagawa kawai aka yi. Gobe ma akwai juyi, akwai wanki, akwai kunu da cokali, kafaɗar nan kuma ba ta daina ciwo ba. Amma da la'asar, da motar ta fita daga lungu, ƙullin fura da daddawa ne a kan matasan kujerar gaba. Barakatu ta dawo ɗaki ta buɗe akwati ta soma mayar da rigunan Malam inda suke. Tana cikin haka aka ƙwanƙwasa taga. Ta zuge gilashin kaɗan, kada sanyi ya fita.

"Malam, ya jiki?"

Malam ya ɗaga hannun hagu.