'Yan Sintirin Jikina

Daren jiya na yi wani mafarki da ba zan iya ba da labarinsa a majalisa ba. Wata huɗu ke nan da aka ɗaure mini jijiyar maniyyi a asibiti, bayan likita ya ce wani cikin zai iya zama ajalin matata Lantana. Ban gaya wa Inna, mahaifiyata, ba.

A mafarkin na tsinci kaina a cikin jikina, ashe gari ne. Jini yana yawo a kan keke. Na bi wani lungu, na tarar an ƙulle titi kamar bakin buhu. Matafiya farare masu jela sun yi cirko-cirko, wasu suna haura katanga.

'Yan sintiri suka kama su. Shugabansu zabo ne riƙe da gora.

"Daga ina?"

"Nan aka haife mu, ranka ya daɗe. A bayan katanga muka tashi."

"Ban san fuskarku ba. Ba ku ma da fuskar."

Sai ga mu a zauren mai unguwa, shi kuwa wata ƙoda ce da rawani. Dokar garin, ba a sakin baƙo sai wani ya tsaya masa. Aka ce a kira mai garin. Na waiwaya, ashe ni ake nufi.

Inna tana gefe tana gyaran wake.

"Tanimu," in ji zabon, "naka ne? Ka ce e, mu sake su."

Ɗaya daga cikinsu ya naɗe jelarsa a ƙafata. "Baba, gaya musu."

Ko ɗana na fari ban taɓa ɗauka a gaban Inna ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Yau ne zan amsa miliyan guda, in kuma faɗi wanda ya sa aka ƙulle titin?

"Na maƙwabta ne," na ce, idona a ƙasa.

Aka tasa ƙeyarsu. Zabon ya zana kamanninsu a kowane bango, ya ce daga yau duk wanda aka gani a kama shi, ko da an kwance titin.

Inna ba ta ɗago kai ba. "Yaro mai kunya," ta ce. "Shi ya sa kullum nake roƙon Allah ya ƙaro maka wasu 'ya'yan."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na ji maƙwabcinmu yana fama da babur ɗinsa, ya ƙi tashi. Na farka bakina a buɗe.