Rigar Mai Fenti

Ni tela ce, mijina kuma tsaga tufafin mutane yake yi, shi ya sa ƙawayena suke cewa aurenmu haɗin baki ne: shi ya tsaga, ni in ɗinke. A motar asibiti yake aiki. Ba shi ne direba ba, shi ne wanda ke zama a baya tare da mara lafiya. Idan suka iske mutum numfashi ya ɗauke, babu lokacin ɓalle maɓalli, sai ya sa almakashi daga ƙasan riga har wuya ya buɗe ƙirji. Ko a cikin dubu zan gane tsagarsa, domin bahago ne, kullum sai ta karkace wajen aljihu.

Mutane suna zaton ganin jini ne ke wahalar da masu wannan aiki. Ina! Abin da ke cin su shi ne rashin jin ƙarshen labari. Suna kai mutum ƙofar asibiti a karɓe shi, a tura gado ciki, su kuma a kira su wani wuri. In sun koma tambaya, a ce ba a faɗa wa wanda ba dangi ba.

Ni kuwa ba a yi ni don zaman tagumi ba, sai na samo dabara. Shagona yana kan hanyar asibitin, na roƙi masu shara da masu wanki cewa duk wanda aka tsaga wa riga a mota, su nuna masa ƙofata. Ai wanda ya damu da ɗinkin rigarsa ya tashi ke nan. Sai in kai rigar gida in shimfiɗa masa a kan kujera, in ce, "Baban yara, ga mai shuɗiyar nan, ya warke har yana mita an ɓata masa riga." Ranar sai ya yi ƙarin abinci.

Ana nan sai ga maganar mai fenti. Saurayi ne, yana kan tsani wayar wuta ta taɓa shi ya faɗo. Mijina ya yi ta danna masa ƙirji tun daga bakin titi har asibiti, yana cikin dannawa ya ji ƙasusuwan haƙarƙari sun karye a ƙarƙashin tafinsa. Ya san hakan na faruwa, shi da kansa yake koya wa sababbi. Amma wannan karon abin ya tsaya masa a rai.

"Da hannuna na ƙarasa shi," in ji shi.

"Wa ya faɗa maka ya mutu?"

"To ina rigar?"

Nan ya ɗaure ni. Farar riga ce mai ɗigon koren fenti, kuma ba ta zo ba. Ya ɗauki hutu, hutu ya ƙare, ya ce ƙafa ke masa ciwo, alhali da ita yake zuwa shagona kullum ya zauna yana sa mini maɓallai a karkace. Direbansu ya yi ta kira yana ƙin ɗauka. Daga baya ya fito fili ya ce ajiye aikin zai yi. Wallahi na ji tsoro, ba don komai ba sai don na san mutumin nan. In ya bar motar nan da wannan tunani, da shi zai tsufa.

Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama, riƙe da leda. Ina kan keken ɗinki, shi yana can lungu bayan yadudduka da kwalin maɓallai a cinya. Ta zaro riga ta shimfiɗa a kan tebur. Fara ce, ga ɗigon kore, ga tsaga ta karkace wajen aljihu. Saura kaɗan in yi guɗa.

"Sannu da zuwa, Mama! Yaya mai jiki? Ya fara fita?"

"Ya rasu, 'yar nan," ta ce. "Ɗana ne."

Dabarar da nake taƙama da ita ta juye mini a gaban wanda na ƙirƙiro ta dominsa. Na ji kwalin maɓallai ya daina motsi a bayana, na kasa waiwayawa.

"Ba sawa za a yi ba," ta ce. "Ba na son in ajiye ta a tsage ne."

Na yi mata ta'aziyya, na jawo mata kujera. Da ma in yi shiru ne, amma bakina bai saba ba. Na ce, "Mama, a ranar ya cika?"

"Wace ranar? Ai ya farka! Ya fi mako yana surutu." Ta gyara zama. "Kin ga, mun daɗe ba ma magana da shi. Ya yi mini laifi, ni kuma na yi rantsuwa, zuciya ta hana ni saukowa. Aka zo aka ce mini yana asibiti. Ina shiga ya kama hannuna ya ce in yafe masa. Na yafe, shi ma ya yafe mini. Da hannuna na riƙa ba shi abinci, yana ci yana tsokanata. In ya yi dariya sai ya dafe gefe ya ce, wanda ya danne ni ɗin nan ko buhun siminti ya ɗauke ni? Daga baya zuciyar ta sake tsayawa. Likita ya ce wutar ce ta riga ta yi mata illa, kwanakin da muka samu ma albarkacin dannar nan ne."

Sai ga mijina ya fito daga bayan yadudduka, maɓallai suna zuba ƙasa. Ƙaton mutum, ya zo ya tsaya a gabanta.

"Mama, ni ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne wa?"

"Ni na tsaga rigar. Ni na karya masa haƙarƙari."

"To me kake yi a shagon ɗinki da rana tsaka?"

Ya sunkuyar da kai. Ni na amsa a madadinsa, domin matar mutum ba ta rasa abin faɗa: "Cewa ya yi ya bar aikin, Mama."

Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannayensa biyu ta juya su tana kallo, hawaye na bin kumatunta. Ta daɗe a haka, shi ma yana kuka, ni ma na bi su, ban ji kunyar kowa ba.

"Ɗan nan," ta ce, "akwai wata uwar a garin nan da ke fushi da ɗanta, tana ganin akwai sauran lokaci. Gobe ka koma bakin aikinka. In ka sami ɗan nata kwance, ka danna da ƙarfi."