Zanen da Aka Hana Inna Wankewa

Innarmu da tabo ba sa ga maciji. Muna yara, ɗigon biro a hannu ya isa a dirje ka da soso har ka tuba.

Bayan an cire mata ƙullutun ciwon daji a nono aka bar mata nonon, likita ta ce saura a gasa wurin da hasken na'ura. Irin nata, in ji ta, akwai zaɓi: a haska nonon duka, ko gurbin ƙullutun kaɗai.

"Gurbin," in ji Inna. "Sauran me ya yi muku?"

Da aka gama awo, ma'aikaciyar ɗakin na'ura ta zana mata alamomi da alƙalami, ta lulluɓe su da siririyar leda.

"Hajiya, ban da dirza. In suka goge, sai an sake awo, magani ya ja baya."

Baba ya ɗauke duk soson gidan ya kulle a but ɗin motarsa, har da na wanke-wanke. In ta shiga wanka, sai ya ja kujera bakin ƙofa.

"Na ji kamar ana dirza!"

"Ƙafata ce, Malam! Ita ma an zana ta?"

Duba alamomin kowace safiya kuwa aikina ne, don tun ranar tiyata Inna ba ta kalli wurin ba. Rufi take kallo har in gama. Abin yana damuna, na rasa bakin faɗa.

Ran nan aiki ya fitar da ni da sassafe. Ina cikin mota Inna ta kira ni a waya.

"Ke, ledar nan kamar ta ɗago. Dawo ki gani."

"Na yi nisa, Inna. Ga Baba nan."

"Wanda ke neman tabarau alhali yana hancinsa?"

"To saura madubi."

Na ji takunta, na ji ƙarar ƙofar sif mai madubi.

"Zanen yana nan," ta ce. Can ta ƙara da ƙaramar murya, "Ashe nonon ma yana nan. Ɗan tabo ne kawai."

Hawaye suka zubo mini. Kafin in ce uffan ta gyara murya.

"Amma yarinyar asibitin nan ba ta iya ja layi ba. Duk a karkace."