Cokalin Ɗakin Shayi

Yatsan likitar yana kan maɓallin aikawa na kwamfutarta lokacin da Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta turo ƙofar ɗakin shayi da ƙafa, riƙe da kofuna biyu.

"Dakta, kin karanta wa Baba?"

Likitar ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Yau da yamma za a rufe shafin da ake karɓar taƙaitattun bayanan bincike na babban taron likitocin sashen kulawa ta musamman. Aikin shekaru ne ta matse a 'yan layuka, kuma in ta bari aka rufe, sai baɗi, in ma wani bai riga ta ba.

"Baba ya yi ritaya, Matiron."

"Ritaya ya yi, ba mutuwa ba. Kuma ga sunansa can cikin masu binciken, ko ba tabarau ina gani."

Gaskiya ce. A zamanin Baba, tsohon shugaban sashen, ba a aika ko layi ɗaya zuwa taro sai an karanta masa a wannan ɗakin. Yakan zauna a kujerar bakin taga, ya rufe ido, cokalin shayi a hannu, mai karatu kuwa a tsaye. Duk inda ya ji cika baki ko kame-kame, sai ya bugi kofi: ƙwal! A koma farko. Manyan likitoci masu gemu sun sha fita daga ɗakin nan riga sharkaf da gumi. Ita ma ranarta ta farko ta karanta nata da numfashi ɗaya, ya buɗe ido guda ya tambaye ta ko mota ce za ta tashi ta bar ta. Tun daga ranar yake kiran ta Gaggawa. Ta tsani sunan a lokacin, yanzu kuwa ba abin da take kewa kamarsa.

Ba tsoron cokalin ne ya hana ta zuwa wurinsa ba. Baba ya koya musu cewa wanda ke kan injin numfashi a bar shi ya yi barci mai nauyi. "Jikinsa yana yaƙi," in ji shi, "kada ku ƙara masa da firgici." Bayan tafiyarsa sai ta fara rage wa marasa lafiya maganin barcin kowace safiya, ana tashin su. Da ta gwada tsofaffin fayiloli da sababbi, sai ta ga waɗanda ake tashi sun fi saurin rabuwa da injin, kuma sun fi komawa gida da ƙafarsu.

A cikin tsofaffin fayilolin akwai na Inna, matar Baba. Inna mai aiko musu da shayi a babban fulas, mai yi wa kowa faɗa a kan rama. Ciwon huhu ya kwantar da ita a gadon ƙarshe na sashen, kuma Baba da kansa ya ce a bar ta ta yi barci. Ya zauna riƙe da hannunta kwana da kwanaki. Har ta cika ba ta buɗe ido ba.

"Zan iya cire sunansa in aika," in ji likitar.

"Za ki iya. Sai ya ji a bakin wani." Matiron ta ja aljihun teburin, ta lalubo ƙarƙashin tsofaffin safar hannu, ta fito da cokali mai lanƙwasasshen wuya. "Ya manta da shi ranar da ya tafi. Tashi, ni zan riƙe miki sashen. Kuma ki sha shayin nan tukuna, kin rame kamar tsinke."

Ta sha rabi a tsaye, ta ɗauki kwamfutarta ta fita.

Autar Baba ce ta buɗe mata ƙofar gidansa, ta nuna mata baranda da haɓa. Yana can yana ba wa furannin Inna ruwa, waɗanda ke jere a tsofaffin gwangwanayen fenti. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin ya sosa mata rai, don ba ta taɓa tunanin Baba zai iya ƙanƙancewa ba.

"Gaggawa! Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba."

"To me ya kawo ki da rana tsaka? Ku da sai an yi rasuwa ake ganin ku."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi maigidanta da yara, ya tambayi Matiron ko har yanzu tana ɓoye sukari a kwalbar auduga. Da gaisuwa ta ƙare sai ta fito da cokalin ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya shafa lanƙwasar da babban yatsa, fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Auta, kawo min kofi!" Ya gyara zama a kujera. "Ke kuma, tashi tsaye."

Ta miƙe da kwamfutar a hannu, ya rufe ido. Ko kan bayanin ba ta gama ba ta ji ƙwal!

"Wannan kai ne ko wa'azi? Rage shi."

Dariya ta kusa ƙwace mata, hawaye kuma na bin bayanta. Ta rage, ta ci gaba. Ta karanta dalilin binciken da yadda aka gudanar da shi, cokali na rataye a iska. Da ta iso sakamako sai muryarta ta yi ƙasa, ita da ake yi wa faɗan sauri ta koma tafiyar hawainiya. Ta faɗi yawan kwanakin da masu barci suka yi a kan inji, ta faɗi na waɗanda ake tashi. Ta faɗi waɗanda suka koma gida. Baba bai motsa ba.

Sai ta karanta layin ƙarshe, wanda ta kwana biyu tana lallaɓawa: akwai yiwuwar tashin marasa lafiya yana da ɗan amfani, amma ana buƙatar ƙarin nazari kafin a ce komai.

Ƙwal!

"Alƙalumanki sun yi magana, ke kuma kin zo kina toshe musu baki. Ni na koya miki wannan noƙe-noƙen?"

"A'a, Baba."

"To kunyar wa kike ji?"

Ya buɗe ido ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya mayar da kallonsa kan gwangwanayen.

"Tsofaffin fayilolin, har da na shekarata ta ƙarshe?"

"Har da su."

"Tana ciki ke nan."

"Tana ciki, Baba." Sai maganar ta ɓalle mata da gudu. "Amma ciwon Inna ya yi tsanani, huhun duka biyu ne, ko da an tashe ta ba lallai ba ne a ce..."

Ya taɓa kofin da cokalin, a hankali wannan karon.

"Na sani. Ni ma likita ne. Kwananta ya ƙare, ba wannan nake tambaya ba." Ya ɗago ya dube ta. "Waɗanda kuke tashi, suna gane mutanensu?"

Ta so ta ce ba sosai ba. Kalmomin har sun zo bakinta. Amma a tsaye take, kuma cokali na hannunsa.

"Yawancinsu suna ganewa. Suna matse hannu. Wasu suna nuna abin da suke so da ido. Akwai wata tsohuwa da ta farka, abin da ta fara yi shi ne ta harari mijinta."

"Harara," in ji Baba. Ya yi 'yar dariya, kafaɗunsa suna rawa. "Ai da na sha ta. Riga ɗaya na yi ta sawa duk kwanakin nan, ba wanki ba guga. Da ta buɗe ido ta gan ni haka, wallahi da bututun injin a bakinta sai ta san yadda ta yi ta wanke ni tas."

Dariyar ba ta tsaya inda ya so ba. Ya sa gefen hannun riga ya goge fuska, ita kuma ta juya tana kallon titi, don ba ta iya ganin hawayen Baba. Can cikin gida Auta ta rage sautin rediyo.

"Gyara ƙarshen," ya ce bayan wani lokaci. "Ki faɗi abin da kika gani."

Ta zauna a bakin baranda ta goge layin, ta rubuta cewa tashin marasa lafiya kowace safiya ya rage zamansu a kan inji, ya kuma ƙara yawan masu warkewa. Ta miƙe ta karanta masa. Cokalin bai motsa ba.

"Sunanka fa, Baba? In kana so zan iya..."

"Bar shi inda yake. Rabin waɗanda za su zauna a taron nan a wurina suka koyi sa mutane barci. Gara su ga sunana a kai, kada su ce yarinya ce ta zo tana yi wa malaminta rashin kunya. Aika."

Ta danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar kwamfutar, sannan saƙo ya fito cewa an karɓa.

Da ta tashi tafiya ta bar masa cokalin a kan kujera, ya ɗauka ya cusa mata a aljihun farar rigarta.

"Na ɗakin shayi ne. Kujerar bakin taga ma ki riƙa zama a kai, ba don ƙura aka ajiye ta ba."

Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Gaggawa. Yaushe kuke tashin su?"

"Da safe, bayan an gama zagayen duba su."

"Ki riƙa sa a shigo da 'yan uwansu tukuna. Kada mutum ya buɗe ido ya tarar da silin kawai."

"To, Baba."

Ya ɗauki butar ruwa ya koma wajen furannin, ya fara daga gwangwanin farko. Ta ga ƙasar cikinsu a jiƙe take tun ɗazu, amma ba ta ce masa komai ba. Ta ja masa ƙofar a hankali.