Takalmin Malamar Lissafi

Tun da aka rushe layin shagunan bakin titi don a faɗaɗa hanya, baduku ya koma wani ɗan ɗaki a bayan shagon gyaran firji, inda sai ka bi lungu, ka wuce famfo, ka sake karya kwana kafin ka ga ƙofarsa. Ɗakin ba laifi. Akwai taga, akwai inda ya kafa keken ɗinkin fata, guduma da basilla da gwangwanin gam kowa ya sami wurin zama. Mutane ne kawai babu.

Shi ba takalmin kowa da kowa yake ɗinkawa ba. Aikinsa na masu ƙafar da takalmin kasuwa ba ya karɓa ne: wanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda tafin ya karkace tun haihuwa, wanda haɗarin mota ya bar shi da dunduniyar da ba ta taɓa ƙasa. Kowannensu ya sassaƙa masa ƙafar katako daidai tasa, ya jera su reras a kan kanta, ya kuma san kowacce ko idonsa a rufe. Irin waɗannan masu ciniki ba kullum ake ganinsu ba, sai takalmi ya cinye, bayan shekara ko fiye. Ranar kwashe kaya wayarsa ta ɓace, lambarsa ta bi ta. Takardar da ya liƙa a bangon tsohon shago don nuna sabon wuri kuwa ta tafi tare da bangon. Lambar kowa bai taɓa karɓa ba, don a ganinsa ai sun san hanya.

Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce Malamar lissafi. Tun tana 'yar firamare mahaifinta yake riƙo hannunta ya kawo ta, ga shi yanzu ita ke koyar da 'ya'yan wasu. Ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama ba. Ya san tafiyarta, ya san wuni take a tsaye gaban allo, ya san gefen waje na dunduniya take fara cinyewa. A lissafinsa takalmin da ya yi mata na ƙarshe ya daɗe da gama aiki, kuma ya san abin da ke biyo baya: idan ƙarin da ke ciki ya lotse, ƙugu ne ke ɗaukar nauyin, daga nan baya ya kama. Kullum ya buɗe shago sai ya dubi katakonta, ransa ya ɓaci. Matarsa har tsiya take masa, wai ya zauna yana gadin ƙafafun da ba su da masu su.

Autarsa ce ta ce za ta yi wa abin magani. Ita ke kula da kwamfutoci a ofishin wani kamfanin buga takardu, kuma irin yaran nan ce da ba sa jin an ce ba zai yiwu ba. Wani hutun ƙarshen mako ta zo da kwamfutarta, ta ture guntayen fata gefe, ta ɗauki hotunan takalma, ta sa shi ya canja riga don nasa hoton. Kafin la'asar shago ya sami shafi a intanet, da kwatancen lungu da sabuwar lamba. Ta tambaye shi me za a rubuta a kai. Ya gyara zama ya ba ta shifta: takalma masu kyau, ɗinkin hannu, daidai ƙafarka.

Ta jira ci gaba, ashe ya gama. Ta ce ai bai faɗi aikin da yake yi ba. Ya ce ya faɗa.

A nan ne fa gizo yake saƙar. Baduku ya tsufa a wannan sana'a bai taɓa kiran larurar mai ciniki da sunanta ba. Haka maigidansa ya koya masa, shi kuma ya riƙe abin gam. Zai durƙusa, ya auna ƙafa, ya ce wannan gefen za mu ɗan ƙara masa, shi ke nan. Ƙarin ma a cikin takalmin yake ɓoye shi, ya daidaita waje har mai kallo ba zai gane wanne ne mai tudu ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa. To yanzu a ce ya rubuta gajeruwar ƙafa ƙuru-ƙuru inda duniya za ta karanta?

"Ba zan rataye ciwon mutane a kasuwa ba," in ji shi. "Wanda ya san ni ya san ni."

Auta ta san taurin kan ubanta, don a wurinsa ta gada. Ta rubuta yadda ya ce. Sannan ta yi abin da ya rage, wato miƙa adireshin shafin ga injinan bincike. Ta yi masa bayani daidai yadda zai gane: injin kamar ɗan aike ne mai yawo yana karanta allunan shaguna, amma sabon shago na lungu sai an je an gaya masa ga mu nan. Ta shiga inda ake rajista, ta tabbatar musu shafin nata ne, ta ba su adireshi, ta yi wa manyan injinan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce sai a jira ɗan aike ya zo ya karanta.

Ya zo kuwa. Bayan 'yan kwanaki ta kira ta ce injin ya nuna ya karanta shafin, ya shigar da shi. Baduku ya yi murna har ya share shago sau biyu. Ya ajiye sabuwar wayar kusa da gwiwarsa, ya ƙure mata ƙara. Makonni suka shuɗe. Kira ɗaya ya shigo, wani ne ke neman takalmin ƙwallo.

Da ya yi ƙorafi, Auta ta nuna masa. Ta rubuta takalma masu kyau a wayarta, sai ga shaguna tuli, manya da ƙanana, kowa na rantsuwa nasa ne masu kyau. Ta yi ta ja ƙasa har yatsanta ya gaji kafin nasu ya leƙo. Ta ce injin ba boka ba ne, abin da aka rubuta kawai ya sani. Ya ce to injin ne ba shi da hankali. Ta ce ta yarda, amma shi injin mutane suke tambaya.

Abin da ya karya masa gwiwa a tashar bas ya faru, wata safiya da ya fita sayen zare. Wani magidanci ne ya zo wucewa, yana tafiya yana jefa kafaɗa gefe. Idon baduku, kamar kullum, ƙasa ya fara sauka. An liƙa wa mutumin yankakken silifa a ƙarƙashin takalmin dama, aikin gaggawa na bakin hanya, ga shi har ya fara ɓallewa. Baduku ya san zai iya raba shi da wannan wahala cikin mako guda. Ya matsa kusa, ya buɗe baki, ya yi sallama. Mutumin ya amsa, ya tsaya yana jira. Baduku ya nemi yadda zai fara ba tare da ya ambaci ƙafar ba, ya rasa. Ya tambaye shi ko wannan bas ɗin tana bi ta kasuwa. Mutumin ya ce tana bi, ya hau da ƙyar, bas ta ja.

Ya dawo shago ba zaren, haushin kansa ya cika shi. Da yamma Auta ta biyo daga ofis, ta tarar da shi zaune ya tasa kantar ƙafafun katako a gaba. Ya ba ta labari. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake ya ga maganar tana yawo a bakinta. Wayarta ta miƙa masa, ta buɗe inda ake bincike.

"Baba, ɗauka kai ne Malama. Ka je tsohon wuri ka tarar da kwalta. Bayanka na ciwo. Me za ka rubuta a nan?"

Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe. Sannan da yatsa ɗaya, mai kaushin gam, ya shiga danna haruffa a hankali: mai ɗinka takalmi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya dubi abin da ya fito. Asibitoci ne na nesa, da shagunan wasu ƙasashe, da masu tallan magani. A duk garin babu ko mutum ɗaya. Ya gane wannan shi ne abin da Malama take gani in ta nema, alhali yana zaune bayan shagon firji da katakon ƙafarta a kan kantarsa.

Ya miƙa mata wayar ya ce ta buɗe kwamfuta. Ya yi shiftar yana kallon taga, kamar mai shan magani mai ɗaci. Ya ambaci gajeruwar ƙafa, ya ambaci karkataccen tafi, ya ambaci ƙafar da shan inna ya taɓa, da wadda aka yi wa aiki bayan haɗari. Ya sa ta rubuta cewa shi ne wanda a da yake layin da aka rushe, kusa da mai sayar da tabarau. Abu ɗaya ya kafe a kai, ba za a sa hoton ƙafar kowa ba, sai na katako. Auta ta ce wannan kam ya yi daidai. Ta adana, ta sake komawa wurin injinan ta roƙi su aiko ɗan aikensu ya sake karantawa.

Wannan jiran ya fi na farko nauyi, don yanzu ya sayar da abin da ya daɗe yana riƙo, bai kuma san ko za a biya shi ba. Ya koyi yin binciken da kansa. Kowace safiya kafin ya taɓa guduma sai ya danna kalmomin nan, ya ga asibitocin nesa, ya yi tsaki. Ran nan ya danna, sai ga hoton kantarsa a sama, ƙafafun katako a jere, da kwatancen famfo da kwana. Ya fita da wayar ya nuna wa mai gyaran firji, wanda bai fahimci abin murnar ba amma ya taya shi.

Mutane suka fara ɓullowa ɗai-ɗai. Wani direba daga cikin tsofaffin masu cinikinsa ya kira yana faɗa, wai ya zaci mutuwa ya yi. Wata mata ta kawo ɗanta daga wata unguwa mai nisa. Baduku ya ji daɗi, amma kullum in an yi sallama sai ya ɗago da sauri, ya ga ba Malama ba ce.

Wata ranar hutu da hantsi, yana yankan fata Auta na gefe tana danne-danne, ya ji taku a lungu. Tun kafin a yi sallama ya ajiye wuƙar. Ya san takun, sai dai ya yi nauyi a gefe guda fiye da yadda ya kamata. Malama ta shigo tana dafa bango, ta gaishe shi da Baba kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ta zauna a benci ta sauke numfashi. Ya amsa gaisuwar, amma hannunsa ya riga ya miƙa. Ta cire na hagun ta ba shi. Ya juya shi, ya ga dunduniyar ta cinye har ta kai fata, ƙarin ciki ya lotse ya zama faifai. Ya ji kamar ya ba ta haƙuri.

Ta ce ta je tsohon wuri ba sau ɗaya ba, ta tambayi masu tura baro, ba wanda ya sani. Ta gwada wani shumeka ya lalata mata takalmi guda. Yanzu a zaune take koyarwa, yara na baya ba sa ganin allo sosai. Ta daɗe tana nema a waya ba ta samun komai, har ta haƙura, sai shekaranjiya ciwon ya hana ta sakat ta sake gwadawa.

Auta, da ba ta iya barin magana ta wuce, ta tambaye ta me ta rubuta. Malama ta ce me kuwa za ta rubuta, gajeruwar ƙafa mana. Baduku ya sunkuyar da kai, ya ce ta yafe masa, shi ma ba da son ransa ya sa kalmar a shafin ba.

Malama ta dube shi, ta yi 'yar dariya. "Baba, ni nake yawo da ƙafar nan tun da aka haife ni, ai na san sunanta. Kawaicinka na gode, ban taɓa mantawa ba. Amma da ka ci gaba da yi mini shi, da har yanzu ina can ina neman ka."

Baduku ya ɗago kai. Ya ce alhamdulillahi, ya sake cewa. Auta ta yi kamar tana duba wani abu a kwamfuta, amma kafaɗunta na rawa don dariya.

Ya tashi ya ɗauko katakon Malama daga kan kanta, ya hure ƙurar, ya durƙusa ya sake auna ƙafar ko ta sauya. Ya ce zai fara yi mata ƙari na wucin gadi ta tafi da shi yau, sabon takalmi kuma cikin mako guda. Sannan ya juya katakon, ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa.

"Gajeruwar ƙafar nan ta sha wuya," ya ce, ba tare da ya kauce wa kalmar ba. "Faɗo min lambar wayarki."

Ta faɗa, ya rubuta a tafin katakon da manyan lambobi, ya bi kansu ya ƙara dannawa.