Madarar Rugar Yelwa

Wata uku maigidana yana fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Sau huɗu yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. Ya rame, gwiwoyinsa suna ciwo, har ya daina fita acaɓa.

Mu uku muka shiga Daura karɓar sakamakon gwajin jini, ni da shi da mahaifinsa, Baba Audi. Likita Fadila ta daɗe tana kallon takardar.

"Jininsa ya ragu ta ko'ina," in ji ta. "Jajayen ƙwayoyin sun yi ƙasa, fararen da ke yaƙar cuta ma haka, har da masu tsayar da jini idan mutum ya yanke. Sai dai ku je Kano a duba ko kansar jini ce. Amma tukuna, Baba, yana kiwo?"

"Wannan? Ko akuya bai iya ɗaurewa ba. Shi da babur ne."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Tun da aka ambaci kansar jini bai ƙara jin komai ba.

Ni kuwa na san wani abu. Amma tun da aka kawo ni gidansu, ban da gaisuwa, ban taɓa buɗe baki gaban Baba ba. Likita ta ɗauki biro za ta rubuta takardar Kano. Na ja hijabi na rufe rabin fuskata, na kalli siminti.

"Yana shan madara," na ce.

"Ɗaga murya, ƙanwata," in ji likita.

"Duk safiya yakan ɗauko Inna Yelwa mai nono daga rugarsu ta wajen Mai'adua. Takan ba shi madara da ɗuminta, ba a tafasa ba. Kuma da saniyarta ta yi ɓari, shi ya taya su jawo ɗan da hannunsa."

Likita ta ajiye biro, idonta ya yi haske. Ta ce akwai cutar shanu, makiyaya na kiranta bakkale, tana kama mutum ta ɗanyar madara, kuma takan rage jini kamar haka. Aka sake ɗibar jini.

Bayan kwana tara muka koma. Tun daga ƙofa na ga likita tana murmushi.

"Bakkale ce. Magani na mako shida, in Allah ya yarda jinin zai dawo daidai. Ba zuwa Kano."

Baba ya yi hamdala sau uku, sannan ya zunguri ɗansa. "Kai, ƙato da kai kana rabon nono da maruƙa?"

Maigidana ya yi dariya har da hawaye. Na bar su a wurin karɓar magani, na yi gaba da sauri, takalmi ɗaya na ta zamewa. Da na isa gida, ban ko gama sallama ba na hango surukata a bakin murhu.

"Inna, ba kansa ba ce. Zai warke."