Maganar Ƙarshe ta Ɗanliti Mai Gidan Kallo

"Wallahi ba za su sake shi ba," in ji Hamza. "Kamfanin da ya sayi Ɗan Guguwa tun ba a haife mu ba, kai a ganinka haka kawai zai miƙa wa abokin gabarsa shi?"

"Aro ne, malam, ba kyauta ba," in ji Khalid. "Su ba da shi ya fito a fim ɗaya tare da sauran jaruman, an gama kowa ya kama gabansa. Kai matsalarka ba ka karanta labarai."

Ina tsugunne a gefen katifa ina shafa wa Ɗanliti ruwa a leɓe da auduga, su kuma suna zaune a bakin ƙofar ɗakin sun miƙe ƙafafu, kowa da waya a hannu. Na ɗaga kai na watsa musu harara. Ko a jikinsu.

Ɗanliti maƙwabcina ne a gidan hayarmu na Gyadi-Gyadi, ƙofarsa tana kallon tawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa duk wanda ya yi tari a gidan nan sai a ce a kira Sista Basira. Shi kuwa ya shigo birni ne daga wani ƙauye a bayan Rano, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ya buɗe gidan kallo a Tarauni da talabijin guda da bidiyo na kaset. Ba kallon kawai ake zuwa yi ba, bakinsa ake zuwa ji. Yakan tsaya a gefe da lasifika yana fassara wa mutane abin da Turawan ke faɗa, alhali Turancinsa bai taka kara ya karya ba, inda ya gane ya faɗa, inda bai gane ba ya ƙirƙiro wanda ya fi na asalin daɗi. Shi ya raɗa wa jaruman nan masu tashi sama sunayen da duk unguwa ke kiran su da su. Hamza da Khalid a kan bencinsa suka girma. Yanzu Hamza yana jan A Daidaita Sahu, Khalid kuma ɗalibin likitanci ne, har ya fara shiga ɗakin marasa lafiya da farar riga.

Ƙoda ce ta kayar da shi. An yi ta masa wankin ƙoda har jiki ya daina karɓa, shi da kansa ya ce a mayar da shi gida. Matarsa ta daɗe da fita, ba ɗa ba jika, sai mahaifiyarsa Inna Kande da ta taso daga ƙauye da ƙullin kayanta ta tare a ɗakin. Ranar da nake ba ku labari, tun da safe na taɓa ƙafafunsa na ji sun yi sanyi, numfashin kuma ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Ban ce mata komai ba, amma tsohuwa ba ta buƙatar a gaya mata.

"Basira," ta ce da ni a bakin rijiya, "ni fa na daina roƙon ya tashi. Abu ɗaya nake roƙo, ya cika da kalmar shahada. Yaron nan ya ƙarar da bakinsa a kan zancen mutanen da ba su san da zamansa a duniya ba. Ko na ƙarshen nan ya zama na Allah."

Ta san yadda ake yi, ta zauna a kan mijinta da yayyenta har suka cika. Ba a matsa wa mai jinya, ba a ce masa faɗi kaza. Ana zama ne kusa da kunnensa a riƙa faɗa a hankali har ya kama. In ya faɗa, sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don kada a ja shi zuwa wata magana. In kuwa ya sake furta wani abu na duniya, to sai a koma farko.

Bayan azahar ta samu ya faɗa. Muryar ta fito a dishe, amma ta fito sarai, "La'ilaha illallah." Inna ta runtse ido ta jingina da bango. Ni ma na ajiye audugar, na ji wani sanyi a raina.

"Oga," in ji Hamza daga bakin ƙofa, "kai za ka raba mu gardamar nan. Wai Ɗan Guguwa zai iya shiga fim ɗin ɗaya kamfanin?"

Mutumin da tun safe ko ruwa bai iya nema ba, sai ga shi ya buɗe ido tar.

"Ba zai shiga ba," ya ce. Ya tsaya ya ja numfashi. "Sai dai su... kashe shi. Su kawo sabon yaro. A fara daga farko."

"Ka ji ko!" Hamza ya daki cinyar Khalid. "Ribut, a sake labarin sabo fil! Abin da nake gaya maka ke nan tun jiya!"

Inna ta dube su, ta dubi ɗanta. Ta gyara mayafinta ta sake matsawa kusa da kunnensa. Ni kam haushi ya turnuƙe ni. Na miƙe.

"Ku tashi ku fita."

"Haba Sista, ai hira muke taya shi," in ji Khalid. "Ba ki ga yadda ya farfaɗo ba? Irin wannan yana motsa ƙwaƙwalwa."

"Kai Khalid, dube ni nan. Ba a koya muku wannan numfashin a makaranta ba? Ba ka san me yake nufi ba?"

Ya sani. Na ga ya sani, don ya kawar da kai. Amma maimakon kunya ta kama shi, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Oga ba ya mutuwa, Sista. Shi ma ribut za a yi masa, ya dawo da sabuwar ƙoda."

Na yi shekaru ina aikin da ake kwasar amai da ruɓaɓɓen miki, ban taɓa jin ƙyama irin ta wannan dariyar ba. Na nuna musu ƙofa da hannu, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na gaban mai jinya ba ne.

Fitar da suka yi ba ta wuce ƙarƙashin taga ba. Suka ja bencin mai wanki suka zauna a inuwa, suka ɗora daga inda suka tsaya, wai sun rage murya. Duk muna ji. Wai akwai ƙa'idar da ta ce in kamfani ya daɗe bai yi fim da jarumi ba, haƙƙin zai koma hannun masu shi na asali, shi ya sa suke ta fitar da finafinan banza don kada ya kuɓuce musu. Wai wani ya hango inuwar Ɗan Guguwa a jikin gilashin wata mota a tallan sabon fim. Wai za a buɗe wata ƙofa tsakanin duniyoyi, tsohon ɗan wasan da ya fara sa rigar jarumin da wanda ya gaje shi su haɗu su yi musabaha. Hamza ya rantse, Khalid ya ce ƙarya ne, Hamza ya sake rantsewa. Mutum biyu da gemu a fuska, suna rabon gadon wasu attajirai na can wata uwa duniya kamar a cikin gidan ubansu za a sauke kayan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ɗanliti kansa. Uwarsa tana kunnensa na dama tana faɗa a hankali, shi kuma ƙwayar idonsa tana zamewa hagu, wajen taga. Na ga leɓensa yana motsi, na sunkuya ina zaton ya kama, ashe gyara wa Hamza wani kuskure yake son yi. Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in girgiza shi. Na tashi na rufe tagar duk da zafin da ake yi.

Inna ba ta gaji ba. Ta jiƙa hannu ta shafa masa goshi, ta kira shi da sunan da ba wanda ya sani a Kano, sunan da ta raɗa masa yana goye. Ta faɗa, ta jira. Ta faɗa, ta jira. Harshensa ya riga ya yi nauyi, sai ya fara ya kakare a tsakiya, ta bari ya huta ta sake ɗaukowa daga farko. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Da aka kira la'asar na ji an ja benci a waje, muryoyin suka yi nisa, na ce alhamdulillahi sun tafi masallaci.

A cikin shirun nan ya faɗa. Ya ja kalmar daki-daki har ƙarshenta. Inna ta ɗora yatsa a leɓenta ta dube ni, na gyaɗa kai. Muka zauna ba mai motsi. Numfashin ya riƙa nisa da juna, ina jin ƙarar A Daidaita Sahu can a titi da wata mata tana daka a gidan baya. Na san saura kaɗan. Inna tana riƙe da hannunsa, fuskarta ta saki kamar wadda ta sauke tulu.

Sai aka banko labule.

Hamza ne, ko takalmi bai cire ba, ya ɗaga waya sama, wani Bature a ciki yana ta zuba kamar zai shiɗe.

"Oga! Oga, sun shirya! Yanzun nan aka sanar, kamfanonin sun sa hannu! Ɗan Guguwa zai shiga!"

Na yi tsalle na tare shi da ƙirji, amma magana ta riga ta isa. Ɗanliti ya buɗe ido. Ya nemi inda muryar take, har da ɗan murmushi.

"Wa zai... sa rigar?" ya ce.

"Ba su faɗa ba tukuna, amma ana zaton..."

"Yi mana shiru!" na ce.

Inna ta riga ta kifa bakinta a kunnensa. "La'ilaha illallah. La'ilaha illallah." Wannan karon ba ta jira ba, ta manta da a hankali, faɗa take yi da sauri tana girgiza masa kafaɗa. Ya saki wani dogon numfashi. Muka jira na bayansa, bai zo ba.

Khalid ya shigo a bayan Hamza. Ya tsugunna ya taɓa wuyan, ya ɗaga fatar ido, ya yi duk abin da aka koya masa daidai, sannan ya ce, "Inna, sai haƙuri." Baturen nan kuwa bai daina surutu ba, Hamza yana ta danne-danne ya rasa inda ake kashe shi. Na fizge wayar na jefa ta tsakar gida.

Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwalin Inna. Na ce mata, "Inna, ai ya faɗa. Sau biyu ya faɗa, da kunnena na ji. Allah ba ya mantuwa." Har zuciyata na faɗa, kuma har gobe a kan haka nake. Ta dube ni kamar da wani yare na yi magana.

Kafin magariba aka kai shi. Maza suka dawo suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na fito zan miƙa butoci ta zaure, sai na ji muryar Hamza, ta sha kuka, yana ba mutane labari.

"Wallahi da farin ciki ya tafi. Ni na kai masa albishir da bakina. Abin da ya daɗe yana jira ke nan, Allah ya nufa sai da ya ji."

"Allahu akbar," in ji wani. "To wa kake ganin za a ba rigar?"

Wani daga gefe ya ambaci suna ƙasa-ƙasa cikin kunya, wani ya ce a'a, wannan ya tsufa. Na dire butocin a ƙasa har ɗaya ta kife, na juya. Da na tsaya, da na tofa wa wani yawu a gaban liman.

Matan gida suna tsakar gida suna ta shige da fice da kwanukan abinci, ba wadda ta ga Inna. Na ɗaga labulen ɗakin Ɗanliti. Ba a kunna fitila ba. Tana zaune a gefen katifar inda ta wuni, ta sunkuya daidai wurin da kansa ya lotsa matashi. Ta faɗi kalmar a hankali, ta yi shiru gwargwadon yadda mutum zai maimaita, sannan ta sake faɗa. Na saki labulen na bar ta.